Saniyar aro a zauren alkalin Gure

Shekara goma ke nan da aka kai kakana Yero makwancinsa, a gindin tudun rairayin da ke kallon kwarinmu, can kan hanyar Gidigir. Ina 'yar yarinya a lokacin, ban gama lakwal ba, wato makarantar boko. Na daɗe ina zaton in wannan shekara ta zagayo da kuka zan tuna shi. Sai ga shi na zauna rubutu zuciyata tana tsalle, kamar yarinyar da ta dawo daga kasuwa da labari a baki tana neman wanda za ta fara faɗa wa. Shi nake so in fara faɗa wa. Tunda babu hali, ku masu karatu ku ara mini kunnuwanku.

Kakana Bafillace ne, dogo, siriri, mai tafiya a hankali kamar kullum akwai garke a gabansa da ba ya son ya firgita. Hausarsa ba ta taɓa miƙewa ba har ya mutu, Barbarci kuwa sai in zai yi faɗa yake taɓa shi. Ni amaryarsa ce a wasan jika da kaka. In ya leƙa allona na lakwal sai ya girgiza kai ya ce, “Wace irin amarya aka ba ni, rubutunta ma baya-baya yake tafiya.”

Abokin zamansa shi ne Ba Kyari, yayan kakata Falmata. Bamange ne, wato wani reshe na Barebari, gajere, mai babbar murya, hannunsa na dama a karkace daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Kullum da hantsi suna gindin dabino a bakin garka, lambun da ake yi wa ban ruwa, kuma gaisuwarsu ba ta canzawa.

“Barka da hantsi, ɓarawon alkama.”

“Barka kadai, bawana. Hannun ya kwana lafiya?”

“Ya kwana yana gaida wanda ya karya shi.”

Na girma ina jin wannan, ina ɗauka wasan Fulani da Barebari ne kawai, irin wanda ake yi a kowace kasuwa. Sai wata rana na tambayi kakata wa ya karya wa Ba Kyari hannu. Ta nuna mijinta da muciya, ta ci gaba da tuƙinta. Daga ranar na hana tsofaffin nan biyu sakat, har na tattara labarin guntu-guntu, rabi daga wannan, rabi daga wancan, kowa yana ƙaryata ɗan'uwansa.

A lissafin lakwal, abin ya faru ne cikin shekarun 1890, kafin Faransawa su iso ƙasarmu. Annobar shanu ta ratsa daji ba da daɗewa ba. Kaka ya ce ungulu ta ci ta ƙoshi har ta kasa tashi sama, kuma mutum yakan yi tafiyar yini bai ji kukan maraƙi ba. Garken mahaifinsa ya ƙare kaf. Shi yana saurayi, ya wayi gari da sanda a kafaɗa babu abin kora.

Akwai wani danginsu na nesa a wajen Alakos, sunansa Sambo, wanda 'yan shanu kaɗan suka tsira a hannunsa. Shi ya kira Kaka ya ɗaure masa wata jar karsana mai dogayen ƙahoni, ana kiran ta Woɗe. Fulani suna kiran irin wannan aro haɓɓanaye. Nonon saniyar na wanda aka ara wa ne, 'ya'yan da ta haifa a hannunsa ma nasa ne, amma ita uwar ta mai ita ce, in ta gama haihuwar da aka yi alkawari sai a mai da ta gida. Ita ke fara shan ruwa a bakin rijiya. Ba a dukanta, ba a sayar da ita, ba a yanka ta ko da yunwa ta kai mutum ƙasa. Wanda ya bari ta salwanta a hannunsa da sakaci, ba mai sake ba shi aro, ba mai ba shi 'ya, gaisuwarsa ma da ƙyar ake amsawa. A wancan zamani kuwa, da saniya ta zama abin da ake zuwa kallo, Sambo rabin ransa ya cire ya ba shi.

Ina son in yi tunaninsu su biyu a cikin wannan daji da ya yi shiru: saurayi ɗaya da saniya ɗaya, suna hawa tudu suna sauka kwari, shi yana yi mata waƙa, ita tana ɗauke da cikinta na fari. Garke guda ne yake tafiya a cikin wannan ciki.

Da sanyi ya shigo ciyawa ta bushe, ya gangaro da ita kusa da kwaruruwan Gure. Wata rana ya hau gawo yana sara mata ganye. Iska ta kawo mata ƙamshin ɗanyen abu daga ƙasa, ta bi shi. Wanda ya san kwarinmu ya san yadda yake: rairayi fari fat ta kowane gefe, sai kwatsam ga dabino da goruba, ga fangalin alkama kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Garkar Kyari ce. Shi kaɗai ya yi mata ban ruwa da jigo tun shuka, kuma ita ce abincin uwarsa da ƙanwarsa har damina. Ya ɗago kai ya ga jar saniya tsakiyar fangali tana kwasa. Ya zare wani ice daga shinge ya kai mata duka a ka. Ƙahonta na hagu ya karye, jini ya wanke mata fuska.

Daga kan gawo Kaka ya gani. Ya ce bai san yadda ya sauko ba, bai san yadda ya gangara tudun ba. Abin da ya sani, sandarsa ta sauka a hannun Kyari, kuma ya ji ƙarar ƙashi. Maƙwabtan garka suka taru suka danne shi. Kashegari aka kora shi Gure a ɗaure, ana jan Woɗe a baya.

Alkalin wani Goni ne, wato babban malamin Alƙur'ani, dattijo mai sanyin magana. Zauren ya cika da mutanen gari da masu garka, duk masu harshe ɗaya da Kyari. Kaka shi kaɗai ne irinsa a wurin, kuma Hausar da ya iya ba ta wuce ta sayen gishiri ba. Aka tambaye shi da baki da hannu ko shi ya yi dukan, ya ce shi ne. Laifi dai ya tabbata tun kafin zama ya yi nisa. Abin da ya rage shi ne me za a yi masa.

A Gure an san yadda mai laifi yake yi in yana neman sassauci. Yakan zube, ya ɗebi ƙasa ya zuba a ka, ya yi ta tuba da murya har a ji tausayinsa. Alkali ya dakata ya ba shi wannan dama. Kaka ya tsaya ƙiƙam, ya kau da fuska gefe, idonsa a ƙasa, bai ce uffan ba. A gidansu haka yaro mai tarbiyya yake tsayuwa gaban babba, kuma roƙo a bainar jama'a abin kunya ne da ya fi duka ciwo. Mutanen zaure ba su ga tarbiyya ba. Girman kai suka gani, aka fara gunaguni.

Alkali ya ce a fara da bulala, horon wanda ya ɗauki hukunci a hannunsa, sannan a yi maganar raunin. Dogari ya yaye masa riga. Nan kowa ya zuba ido, don bayansa da haƙarƙarinsa duk tabo ne, layi bisa layi. Tabon sharo ne, wasan da samarin Fulani suke tsayawa a dake su da tsumagiya gaban 'yan mata, wanda ya motsa ko ya ɓata fuska ya ji kunya har abada. Da Kaka ya ga an ɗaga bulala, jikinsa ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. Ya ɗaga hannuwa sama, ya gyara tsayuwa, ya yi murmushi.

Ba Kyari ya ce ko da ya tsufa in ya tuna murmushin nan sai ransa ya ɓaci. Ya miƙe da hannunsa a ɗaure cikin karare ya ce, “Allah ya gafarta malam, ka gani? Dariya yake yi mana. Wannan bayan an riga an nome shi, bulala tuwonsa ce. A ninka masa. In kuwa ba haka ba, a bar bulalar, a ba ni saniyar da ta cinye mini alkama.”

Zaure ya ɗauka. Kowa ya ga wannan ita ce magana: mutum ya rasa hannun aikinsa, ya rasa alkamarsa, ga saniya tsaye a ƙofa. Kaka bai gane yawancin abin da aka faɗa ba, amma ya ga yatsun da ke nuna waje, ya ji kalmar saniya tana yawo daga baki zuwa baki. Murmushin ya ɓace. Mutumin da ya ƙi durƙusawa don bayansa ya faɗi a gwiwa, ya ja jiki har gaban buzun alkali, ya shimfiɗa hannuwansa biyu a ƙasa. Da 'yar Hausarsa ya ce, “Karya. Karya biyu. Nagge a'a.” Nagge ita ce saniya a bakinsu.

Alkali ya ɗaga hannu dogari ya sauke bulala. Ya daɗe yana duban hannuwan nan biyu, sannan ya ce, “Wanda bai ji tsoron bulala ba, ga shi yana ba da hannu biyu saboda karsana. Akwai abin da ban ji ba tukuna. A nemo mini mai jin Fillanci.”

A nan labarina na bana yake shigowa, kuma shi ne ya hana ni zama wuri ɗaya. Yanzu ina koyarwa a lakwal a nan Gure. Kwanakin baya ina tsakiyar darasi aka aiko daga gidan shari'a, wai tafintansu ba shi da lafiya, kuma an ce ina jin Fillanci. Na tafi. Ban taɓa shiga wurin ba. Ga tebur, ga tuta, ga jandarma a bakin ƙofa, ga alkali matashi da littafin doka na Faransanci a gabansa. A tsaye kuma ga wani dattijo makiyayi da ya fasa wa mutum kai a rikicin layin rijiya. Ya kau da fuska gefe, idonsa a ƙasa. Ina ganinsa na gane, tsayuwar da aka ba ni labari ce, ba ragi ba ƙari.

Alkalin ya ce in tambaye shi ko yana da abin cewa kafin hukunci. Dattijo ya ce babu. Alkalin ya juyo gare ni ya ce, “Madamazal, wannan mutumin ba ya nadama ne? Ko dubana ya ƙi yi.” Na ce masa, da muryar da ban san ina da ita ba, a wurinsu duban idon babba shi ne rashin kunya, kuma ba zai roƙa ba ko da wuta ke cin sa. Ya aje alƙalami. Sannan ya ce in tambaye shi wa ya bari da dabbobin. Na tambaya. Dattijon ya amsa. Matarsa ce kaɗai, kuma ba ta gani sosai. Hukunci dai an yanke, jinyar wanda ya ji wa rauni tana wuyansa, an kuma rubuta masa kaso, amma aka jingine shi da sharaɗin kada ya sake. Na fito rana tana dukan rairayi, ni kuwa ji nake kamar an yi ruwan fari. Da Kaka yana nan da gudu zan je in ce masa, yau ni aka aika a nemo.

Wadda aka nemo a zamaninsa wata tsohuwa ce, Dija, da a da take tallar nono, annoba ta mai da ita saƙar tabarmar kaba a bakin kasuwa. Ta shigo tana faɗa tun daga ƙofa. Kafin ta gaida alkali sai da ta tsaya kan Kaka ta zazzage shi da Fillanci, wai wane sakarai ne zai hau itace ya bar saniya mai ciki kusa da garkar Barebari. Daga nan ta fita ta duba kunnen Woɗe, ta dawo ta tambaye shi sunan gidansu, sannan ta ce tsagar da ke kunnen ba ta gidansu ba ce. Saniyar aro ce.

Wani malami da ke zaune kusa da alkali ya ce, “Wane irin aro ne ake shan nononsa, a kuma mallaki 'ya'yansa? Wannan ai kyauta ce aka sake wa suna.” Magana ce mai ma'ana, kuma jama'a suka goyi bayansa. Alkali bai yi gardama da kowa ba, tambaya ya shiga yi, Dija tana juyawa. Yana iya sayar da ita? A'a. Yana iya ba da ita sadaki? A'a. In ya mutu yau, wa zai ɗauke ta? Sambo. In Sambo ne ya mutu fa? 'Ya'yan Sambo. Ya sa Kaka ya rantse a kan haka, ya rantse. Ya kuma tambayi murmushin, Dija ta ce, “Allah ya gafarta malam, ba kai yake yi wa ba. In ya ɓata fuska, uwarsa ce ta ji kunya a kabarinta.”

Ga hukuncin kamar yadda tsofaffin biyu suka ba ni shi, kuma a nan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Bulala za a yi masa daidai yadda za a yi wa ɗan gari, ba a ƙara ko ɗaya don bayansa ya saba, ba a rage don shi baƙo ne. Saniya ba za a taɓa ta ba, don ba a biyan laifin mutum da dukiyar wani. Ɓarnar alkama ta tafi a bakin ƙahon da aka karya. Hannu kuwa, tunda shi ya ɗauke wa Kyari hannun aiki, shi zai zama hannun. Zai zauna a garka yana jan jigo yana ban ruwa har ƙashi ya ɗinke, har a girbe abin da ya rage. Woɗe za ta zauna ɗaure a gidan Kyari, don a tabbata mai kiwonta ba zai gudu ba.

Aka yi masa bulalar, ya yi murmushinsa har aka gama, wannan karon ba wanda ya yi gunaguni.

Masu garka sun fita suna cewa an yi wa Bafillace sauƙi. Kaka kuwa ya ce mini bulalar ko ƙaiƙayi ba ta yi masa ba, jigon ne ya kusa kashe shi. Ba nauyin gugan ba. Makiyayi ne da bai taɓa sunkuya wa ƙasa ba, ga shi duƙe cikin taɓo daga safe har la'asar, Kyari yana zaune a inuwa yana ba da umarni da hannu ɗaya. “Fangalin can bai sha ba, Ardo. Ko sai na kira shi da suna kamar saniya?” Abin da ya fi ci masa rai, wasu samarin Fulani sun biyo ta kan tudu wata rana, suka tsaya suna kallo. Ɗaya ya ce, “Wannan ba Yero ba ne? Ashe ya zama kaɗo,” wato wanda ba Bafillace ba. Suka wuce ba su gaishe shi ba. Ya ce ranar ya yi ta zuba ruwa a fangali ɗaya har ya ambaliya bai sani ba.

A gidan Kyari Woɗe ta haihu. Ta ƙi kowa ya matso sai Kaka, haihuwar kuma ta zo da gardama, ƙafa ɗaya ta maƙale. Babu wani namiji kusa sai mai gidan. Kaka ya daka masa tsawa da Fillanci, shi kuma bai tsaya tambayar ma'ana ba, ya kama ƙafar maraƙin da hannunsa mai lafiya, suka ja tare. Mace ce, ja kamar uwarta. Ba Kyari ya ce shi ya fara yin kabbara, Kaka ya ce ƙarya ne, kuka ya fara yi. Falmata, ƙanwar Kyari, ita ta kawo ruwan ɗumi, ita kuma aka koya wa tatsa daga baya. Sauran labarin ba na shari'a ba ne. An daɗe ana ja kafin a ba Kaka Falmata aure, dangi ta kowane gefe ba su so ba, amma ga ni.

Tun da na fito daga gidan shari'a nake juya abin a raina. Abin da ya kusa hallaka kakana a zauren nan da abin da ya cece shi abu ɗaya ne, shi Bafillace ne. Saboda al'adarsu aka ce a ninka masa bulala, saboda al'adarsu kuma aka bar masa saniya. Da alkali ya tsaya a abin da idonsa ya gani, da murmushi kaɗai ya isa ya jawo masa hukunci mai tsanani, kuma da kowa ya koma gida yana ganin an yi adalci. Ba mugunta ce ta cika zauren ba. Mutane ne da suka san yadda nadama take a fuskar ɗan garinsu, ba su san yadda take a fuskar baƙo ba.

Amma ba zan ɓoye muku gefen Ba Kyari ba, don shi ma kakana ne. Hannunsa bai koma daidai ba har ya mutu. Yakan ce, rabi wasa rabi gaske, “Al'adarsu ta tsare musu saniya. Ni tawa al'adar me ta tsare mini?” Ƙashi ba ya tambayar ƙabilar sanda. Kuma na san in aka buɗe wannan ƙofa da yawa, kowane mai laifi zai shigo yana cewa mu haka muke yi a gidanmu, mai ƙarfi ya fake da al'ada ya danne marar ƙarfi. Abin da na gani a hukuncin Gonin nan shi ne, bai bar al'ada ta goge laifin ba. Ya saurare ta ne a wuri biyu kawai: don ya gane mutumin da ke gabansa, da kuma don kada horon ya wuce laifin ya cinye rayuwa ɗungum.

Me Kaka zai ce da ya ga yau? Littafi ɗaya ne yanzu ga Bamange da Bafillace da Batube da Buzu, kuma wannan yana faranta mini rai, don ba wanda za a ce a ninka masa saboda tabon bayansa. Ina jin shi ma zai yaba, bayan ya gama yi wa rubutun dariya. Amma na san inda zai tsaya. Zai tambaye ni gidan kaso. Zai ce wata guda a ɗaki ga mutumin gari, wanda maƙwabta za su kula masa da gida, ba ɗaya ba ne da wata guda ga wanda dukiyarsa take tafiya da ƙafa huɗu tana neman ruwa kowace safiya. Littafin ba zai iya sanin wannan ba. Sai wanda ke riƙe da shi ya aje alƙalami ya tambaya, kuma na ga an yi hakan da idona, a garinmu, a bana.

Da Woɗe ta cika haihuwar alkawari, Kaka ya yi mata sabuwar igiya, ya ɗaura kanwa a jaki, ya kora ta zuwa Alakos. Ya ce duk tsawon hanyar yana shirya yadda zai yi bayanin ƙahon, da garkar, da matar da ya aura, kuma ko kalma ɗaya bai samu ba. An ba shi saniya mai ƙaho biyu, zai mai da mai ɗaya. Ya san kuma sunan da samarin nan suka kira shi ya riga shi isa.

Sambo ya fito daga rugga ya zagaya saniyarsa. Ya shafa guntun ƙahon, ya duba haƙoranta, ya duba hantsarta. Sannan ya miƙa wa Kaka hannu, kuma da tafinsu ya haɗu ya ji kantar igiyar jigo, irin wadda sanda ba ta yi wa makiyayi. Ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba. Bai tambayi komai ba. Ya juya ya kira matarsa ya ce, “Kawo ƙwaryar madara, Bafillace ya zo.”

Sau ɗaya Kaka ya ba ni wannan ƙarshen, kuma bai dube ni ba da yake faɗa. Ya ce shari'a biyu aka yi masa a duniya, ta Gure da ta Alakos, kuma ta biyun ce ya fi jin tsoro.

Yau kabarinsa ya baje, rairayi ya sha shi, sai 'yan gida ke gane wurin. Bai bar riga mai aiki ba, bai bar suna a fada ba. Ya bar jajayen shanu da kawunnaina ke kora tsakanin Gidigir da Alakos, dukansu daga 'yar maraƙar nan da mutum biyu suka jawo duniya da hannu uku. Ya bar gida da ake faɗa da Barbarci, a yi lallashi da Fillanci, a yi ciniki da Hausa. Ni kuma ya bar mini harshen da na tsaya da shi tsakanin wani dattijo da littafin doka. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Ba Kyari da Sambo da Dija, ya jiƙan alkalin da ban san sunansa ba, wanda ya ga hannu biyu a ƙasa ya ce akwai abin da bai ji ba tukuna.